Darasi na Bakwai: Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama na Roba da Shafa Masa Fenti

A wannan darasi za mu haɗa samfurin jirgin yaƙi mai suna Hurricane. Ba ya tashi. Na ajiyewa ne a kan teburi ko kanta. Yana zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, tare da takardar bayani mai zane da kuma takardar tambura. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suna yin irin waɗannan kwalaye.

Kamfanin Hawker na Ingila ne ya ƙera jirgin na gaske, ya fara tashi a 1935. Tun daga watan Satumba na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, akan kawo irinsa a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau. A can ake harhaɗa shi, ya taso ta Legas da Kano da Maiduguri, ya bi ta Chadi da Sudan har Alƙahira. Ashe shi ma na gasken daga akwati aka fito da shi aka haɗa.

Ma'anar 1:72

A jikin kwalin za ku ga an rubuta 1:72. Wato an raba kowane awo na jirgin gaske gida 72, aka ɗauki kashi ɗaya. Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan, Hurricane yana da santimita 1,219. In aka raba da 72, za a samu kusan santimita 17, bai kai kamun hannu ɗaya na babban mutum ba. Akwai kuma 1:48, wanda ya fi girma da tsada da yawan gutsattsari. Mai farawa ya tsaya a 1:72.

Kayan aiki

Ku tanadi abin yankan farce, da reza ko ƙaramar wuƙa mai kaifi, da hantsaki. Sai samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushin samfefar. Sai tef na takarda, da robali, da maƙalin shanya huɗu, da tsinken sakace, da buroshi biyu: mai faɗi ɗaya, mai tsini ɗaya.

Batun gam ne ke buƙatar natsuwa. Gam ɗin da aka yi domin wannan roba ba liƙa ta yake yi kawai ba. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ɗigo kaɗan ya isa. In ya yi yawa zai tsattsafo waje, in kuma yatsa ya taɓa wurin, zanen yatsan ya zauna a jikin jirgin ke nan. Kuma ba ya kamawa da kyau a kan fenti. Duk inda za a sa shi, sai an kankare fentin wurin tukuna. A yi aikin kusa da taga, nesa da wuta, kada a bar kwalbar inda hannun yara zai kai.

Kafin a yanke komai

Gutsattsarin suna manne da wani firam na roba, kowanne da lambarsa a gefe. Lambar tana jikin firam ɗin, ba ta jikin gutsuren. Wanda ya cire su duka a lokaci guda ya raba su da sunayensu. Ku karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe, sannan ku riƙa cire abin da matakin da kuke kai ya nema kawai.

A wanke firam ɗin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a bari ya bushe da kansa. Maiƙon masana'anta da na hannu suna hana fenti zama. Wajen cirewa, kada a murɗe da hannu, don murɗawa tana ɓallo tsokar gutsuren ta bar rami. A datse da abin yankan farce a bar ɗan saura, a share sauran da reza, a goge da samfefa.

Haɗawa

Daga ciki ake farawa, domin da zarar an rufe gangar jikin buroshi ba zai shiga ba. A shafa wa kujerar matuƙi da bangon ɗakinsa kore mai haske, allon agoguna kuma baƙi. In sun bushe a zaunar da su a ɓari ɗaya na gangar jikin.

Yanzu a kawo ɗaya ɓarin a gwada shi ba tare da gam ba. Wannan gwaji shi ne rabin aikin. In bai rufu ruf ba, akwai abin da ya tokare, galibi gefen kujera ko ɗan tudun roba. A nemo shi a rage. Danne shi da ƙarfi ba ya magani, tsagar za ta sake buɗewa bayan kwana biyu. In ya zauna daidai, a sa gam a bakin haɗin da tsinke, a ɗaure da robali. Fukafukai kuma a kama su da maƙalin shanya. A dubi jirgin ta gaba, ido ɗaya a rufe, a tabbata ba wanda ya fi wani ɗagawa, sannan a bar shi ya kwana.

Washegari a goge layin haɗin da samfefa jiƙaƙƙiya, daga 400 zuwa 600 zuwa 1000. In akwai ɗan gibi a cike da fila kaɗan, wato ƙullun toshe rami, a jira ta bushe. A nan Hurricane yana da nasa sha'ani. Bayan gangar jikinsa na gaske yadi ne aka ja a kan ƙwarangwal, kuma an fito da layukan nan a jikin robar. Samfefa tana shafe su nan da nan. A liƙa tef hagu da dama na layin haɗin, a goge tsakiya kawai.

Farfela da tayoyi da sandar eriya a ajiye su gefe sai ƙarshe. In an sa su yanzu, karyewa za su yi.

Fenti

Fenti iri biyu ne. Mai ruwa ana sirka shi da ruwa, ana wanke buroshi da ruwa, ba shi da wari sosai. Mai mai kuma sai da tina, kuma yakan so awa shida ko fiye kafin a ƙara wani a kansa. Ga mai koyo, mai ruwa ya fi sauƙi. Launin Hurricane na sojan saman Ingila a ƙarshen 1940 shi ne ruwan ƙasa da kore mai duhu a sama, da kore fari-fari a ƙasa. A lambobin fentin kamfanin Humbrol su ne 29 da 30 da 90.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa fenti da kauri don a gama a shafa ɗaya. Kaurin yana cike zanen jikin jirgin, ya bar sawun buroshi. A juya fentin sosai har ƙasan kwalba, a ɗiba a murfi, a sirka shi ya koma kamar madarar shanu, ba kamar kunu ba. Shafar farko za ta fito da dabbare-dabbare, ba ta da kyan gani. Haka take, kada a koma kanta tana ɗanye. A jira kamar awa ɗaya a yi ta biyu, sannan ta uku.

Mai haske ake fara sawa. A gama ƙasan jirgin, a rufe iyakarsa da tef, a shafe saman duka da ruwan ƙasa. In ya bushe a zana iyakar koren da fensir, ana duban takardar bayani, a cike. Kafin a liƙa tef a kan fenti, a fara manna shi a bayan hannu sau biyu don ƙarfinsa ya ragu, in ba haka ba zai ɗago fentin.

A lokacin zafi fenti mai ruwa yana bushewa tun yana bakin buroshi, don haka aikin safe ya fi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: ana gama shafawa a kife roba ko kwali mai tsabta a kan jirgin.

Murfin gilashi da tambura

Murfin ɗakin matuƙi roba ce garau. Gam mai narkarwa yana ɓata ta, gam mai kamun nan take kuma tururinsa yana mayar da ita fari kamar hazo. Farin gam na kafintoci ake sa mata da bakin tsinke, shi in ya bushe ba a ganinsa.

Tambura suna son wuri mai santsi. A kan fenti marar sheƙi iska takan maƙale ƙarƙashinsu, gefensu ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Don haka a fara shafa fenti mai sheƙi marar launi, a bari ya kwana. A yanko tambari ɗaya, a tsoma a ruwan ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, a ajiye a kan ƙyalle har ya fara zamewa daga takardarsa. A jiƙa wurin da zai zauna, a turo shi da jiƙaƙƙen buroshi, a danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe. In an ja shi kafin ya saki, yagewa zai yi. Bayan kwana ɗaya a rufe jirgin da fenti marar launi marar sheƙi, ban da murfin gilashin. Sannan a sa tayoyi da eriya da farfela baƙa mai rawayan baki.

Aikin gida

Matuƙin jirgi yana da tsawon santimita 180. Nawa ne tsawonsa a ma'aunin 1:72? Nawa ne faɗin fukafukan Hurricane a ma'aunin 1:48? Ku rubuta jimla biyu a kan dalilin kankare fenti kafin a sa gam, ku zo da su aji tare da firam ɗinku a wanke.