Shawara ga Malaman Hausa Kan Amfani da Saƙon Murya

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. Duk wanda ke koyar da Hausa ta WhatsApp a nan Kano, musamman ga baƙin da ke zaune a Sabon Gari ko yaran da suka tashi da Turanci a baka, ina ba shi shawarar ya fifita saƙon murya a kan rubutu.

Dalili kuwa shi ne, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka ɗalibin da ya ga kalmar "gari" ba zai san ko birni ake nufi ko na tuwo ba, sai ya ji ta daga bakin malami. Ku ɗauki muryarku cikin ƙasa da minti 1, ku furta kalmomin sannu a hankali, ku sanya kowace a cikin jimla, sannan ku buƙaci kowane ɗalibi ya maimaita ya aiko da tasa. A ganina gyara ya fi kyau a keɓe, domin babba yakan ji kunya idan aka gyara masa a gaban jama'a. Bidiyo kuwa yana cinye data, ga matsalar caji, shi ya sa ba na matsa wa kowa a kansa.

Tun ranar farko ku sa ɗalibai su ƙara Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, domin su sami ɓ, ɗ da ƙ, kada su rubuta "baki" alhali "baƙi" suke nufi.