Idan Maigida Ya Daina Barci

Wajen ƙarfe uku na dare na farka na tarar da Abban yara a falo, ya baje takardu a kan kafet yana lissafin kamfanin casar shinkafa da zai buɗe. Kwana huɗu ke nan rabonsa da barcin kirki, kuma ko hamma ba ya yi. Da gari ya waye ya rabar da kuɗin hayar shago ga almajiran layi, ya ɗauko babura biyu bashi. Bayan wata biyu mutumin nan ya shige ɗaki ya saki labule, ko wanka sai na yi da gaske. Shekara tara ke nan da faruwar haka.

Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, wani kawunsa har ya kawo shawarar gidan mari, na ce sai dai a ɗaure mu tare. Ba na raina addu'a, har gobe ina yi masa tofi. Amma shekara biyu muka ɓata kafin mu zauna gaban likitan ƙwaƙwalwa, ya ce sunan ciwon baifola: yanayin mutum ya yi sama fiye da kima, sannan ya faɗo cikin baƙin ciki mai nauyi, a tsakani kuma yana nan garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 40 ke ɗauke da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ki fara da can, 'yar'uwa, kuma ki shiga ɗakin likita tare da shi. Idan yana sama, cewa zai yi bai taɓa jin daɗin jikinsa kamar yanzu ba. Ke kika san kwana nawa bai runtsa ba.

Abin da ya fi yi mini amfani ɗan littafin rubutu ne irin na 'yan firamare. Kullum da safe nakan rubuta awa nawa ya yi barci, da duk wani abu da na ga ya sauya. A hankali na gane alamunsa. Yakan fara kiran abokan sakandare da tsakar dare, maganarsa ta yi sauri har ba ka samun wurin saka baki, ya cika zaurukan WhatsApp da saƙon murya, ya riƙa zuba turare kamar ango. Na mijinki za su iya bambanta, sai kin sa ido. Amma barci kusan kowa ya haɗa. Dare biyu a jere bai kai awa huɗu ba kuma ya tashi da karsashi, ba na jiran na uku, sai na nemi likita.

Duk wata yarjejeniya a ƙulla ta lokacin da yake lafiya. Mu wata ranar Juma'a muka zauna, da ni da shi da Yaya babban wansa, shi da bakinsa ya faɗa na rubuta: idan alamu suka bayyana, katin banki da makullin mota su dawo hannuna, a rage adadin kuɗin da zai iya turawa a waya, Yaya ne zai kai shi asibiti. Ya sa hannu. Ranar da na karɓi katin bai ji daɗi ba, ya kira ni sunaye. Sai dai akwai tazara tsakanin mace ta ƙwace wa miji kati da ta nuna masa rubutun hannunsa.

Idan yana sama, kada ki biye masa da gardama, ba za ki ci ba. Na taɓa tsayawa ina nuna masa cewa lissafin kamfanin nan ba zai fita ba, muka kai asuba, washegari ya fi jiya. Yanzu sai in ce, "Abban yara, na ji, mu bar shi sai ranar Asabar mu duba tare." Gajeruwar magana, murya ƙasa. In rage fitilu, in sallami baƙi da dabara, in ɗauke shayi da goro daga la'asar.

Sai maganar magani, inda yawancin rigimarmu take. Da ya ji sauƙi sai ya ce ya warke, alhali sauƙin daga maganin yake. Na daina tambayar "ka sha?" don yana jin kamar na mayar da shi yaro, ajiye masa nake kusa da kofin ruwa bayan isha'i, in zauna mu yi hira. Shi litiyam yake sha, maganin da ke buƙatar gwajin jini duk bayan 'yan watanni, a duba yawansa a jiki, a duba ƙoda da tayirod da ke gaban wuya. Ana ɗibar jinin kamar awa 12 bayan shan ƙarshe. Rashin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru ya zama guba, don haka a zafin Afrilu ina binsa da ruwa. Kada a saya masa ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon jiki, suna ƙara taruwar. Idan hannu ya kama rawa sosai, ga amai ko zawo, yana tafiya yana tangaɗi, asibiti kai tsaye. Kafin azumi kuma mukan je wurin likita a tsara lokutan sha, domin tashin sahur da tahajjud suna yanke barci. Akwai shekarar da aka ce ya ajiye azumin, ya rama da sanyi. Mazan da matansu ne ke da ciwon, ku sani valproate, wani maganin wannan ciwon, yana illa ga ɗan tayi, kuma kwanakin jego lokaci ne mai haɗari, a yi maganar haihuwa da likita tun kafin ciki.

Lokacin faɗuwa ya fi ba ni tsoro, don ba ya hayaniya. Kada a ce masa rashin tawakkali ne, yana jin laifin da ya ishe shi. Ina dai zama kusa, in ce mu taka zuwa bakin layi. Kuma na koyi tambayarsa ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ranar da ya ce eh, na kwashe maganin ƙwari da na ɓera da duk ƙwayoyin gidan na kai maƙwabta, na kira Yaya, ba mu bar shi shi kaɗai ba har muka isa asibiti.

Ya taɓa furta saki yana cikin tashin ciwon. Ban yanke wa kaina hukunci ba, muka je wurin malami da takardar asibiti, tunda an san an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Duka kuwa ban yarda da shi ba ko da sunan ciwo. Sau ɗaya ya ɗaga hannu, na kwashi yara muka kwana gidanmu, sai da ya koma kan magani na dawo.

Ni ma ina gajiya, har na taɓa kwanciya da hawan jini. Yanzu duk ranar Lahadi ina gidan Inna daga azahar zuwa magariba, Yaya ya san ranar tasa ce. Babbar 'yarmu da ta kai goma sha biyu na zaunar da ita na ce Abba yana da ciwo mai tashi da kwanciya kamar asma, ba laifinta ba ne, ba kuma aikinta ba ne ta yi gadinsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Umma, shi ya sa kike rubuta barcinsa?" Ashe ta daɗe da ganin littafin a ƙarƙashin filo.