Guguwar teku a Houston: abin da sabon zuwa zai shirya kafin Yuni

Sati uku bayan Babbar Sallar 2024 na tsaya gaban firizarmu ina cusa naman layya cikin baƙaƙen ledojin shara. Kasonmu ne na saniyar da muka haɗa kuɗi mu bakwai muka yanka. Guguwar Beryl ta sauka kusa da Matagorda, a gaɓar tekun jihar Texas, da asubahin 8 ga Yuli, ta ratsa Houston, ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu babu wuta. Mu kwana shida muka yi. Abin da ya tsira sai wanda maiɗakina ta soya ya soyu ƙayau ta zuba a bokiti, yadda ake yi a gida. Shi yara suka riƙa ci da gari da ƙuli.

Beryl kuwa a mataki na ɗaya ta iso, mafi ƙanƙanta cikin matakai biyar da ake auna guguwa da su. Don haka, ɗan'uwa, kada lambar ta ruɗe ka. Ƙarfin iska kaɗai take aunawa: mataki na ɗaya yana farawa daga gudun mil 74 a awa, na uku daga 111, na biyar daga 157. Ba ta faɗin yawan ruwan da zai zuba, ba ta faɗin kwana nawa za ka yi a duhu. A garin nan kuma ruwa da rashin wuta su ne suka fi wahalar da mutane. Guguwar Harvey ta Agustan 2017 ta riga ta yi sanyi lokacin da ta tsaya a kanmu tana zuba kwana da kwanaki, har wani wuri a kudu maso gabashin Texas ya sami inci 60, wato mita ɗaya da rabi, fiye da abin da Kano ke samu a damina sukutum.

Da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan daga wajenmu suke tasowa. Hadarin da ke keto sararin Chadi da Nijar da arewacin Najeriya daga gabas a tsakiyar damina, shi ne ke ci gaba yamma har ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi sai ya fara juyawa yana tara ƙarfi. Harvey da Beryl duk daga gaɓar Afirka suka faro. Shi ya sa lokacinsu ya kusa yin daidai da daminarmu: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba.

Shiri na farko tun wajen neman gida ake yin sa. Houston shimfiɗaɗɗen gari ne, rafuka da magudanan ruwa sun ratsa shi ta ko'ina, layi biyu maƙwabta sai ɗaya ya nutse ɗaya ya tsira. Tun Janairun 2022 dokar Texas ta wajabta wa mai gida ya sanar da ɗan haya a rubuce ko gidan yana yankin ambaliya, da kuma ko ruwa ya shige shi cikin shekara biyar da suka wuce. Nemi takardar nan ka karanta kafin ka sa hannu. Sannan ka tare wani da ya daɗe a layin ka tambaye shi ina ruwa ya kai lokacin Harvey, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In da zaɓi, ɗauki hawa na biyu.

Sai inshora, kuma nan ne namu suka fi yin asara. Inshorar gida ta yau da kullum, ko ta mai gida ce ko ta ɗan haya, ba ta biyan ɓarnar ruwan da ya taso daga ƙasa. Ta ambaliya daban ake sayenta, akasari ta shirin gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, kuma sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan haya yana iya sayen ta kayan ɗaki kaɗai. Mota ma haka: ƙaramar inshorar da doka ta tilasta, wadda yawancinmu muke farawa da ita don arha, motar wanda ka buge take biya. In ruwa ya ci taka, sai wadda suke kira "comprehensive".

Kalmomi biyu za ka riƙa ji daga cibiyar lura da guguwa ta ƙasa da ke Miami. In an ce "watch", ana nufin mai yiwuwa ne iskar ta iso cikin awa 48. In an ce "warning", ana sa ran isowarta cikin awa 36. Wanda ya jira na biyun zai tarar da kantuna an kwashe ruwan gora, gidajen mai kuma layi har titi. Ka tanadi galan ɗaya na ruwa ga kowane mutum a kowace rana, ni na mako nake ajiyewa. Cika bahon wanka da ruwa don ban ɗaki da alwala. Sayi tocila da batura, da abin cajin waya, da abincin da ba ya neman firji, da maganin mai ciwon suga ko hawan jini na sati biyu. Ciro tsabar kuɗi, ƙananan takardu, don kati ba ya aiki in babu wuta. Fasfo, katin zama, takardun makaranta da na haihuwar yara, duk a leda mai zif ɗaya, a inda hannu zai kai cikin duhu. Baƙo da ya rasa takardunsa ya fi ɗan ƙasa shiga uku.

Maganar gudu ko zama, bi umarnin hukumar yankinka. An raba yankunan kwashe mutane da lambar unguwa ta gidan waya, ka san taka. Mutanen Galveston da bakin teku, in an ce su fita, su fita, saboda tunkuɗowar teku ba ta da magani. Wanda ke can cikin gari kuma, yawanci zama a gida nesa da taga ya fi masa. A Satumbar 2005, da tsoron guguwar Katrina, wadda ta nutsar da New Orleans makonni kaɗan kafin nan, bai bar zukata ba, miliyoyin mutane suka hau titi lokaci guda don gudun guguwar Rita. Motoci suka cushe, mai ya ƙare, mutane da dama suka rasu a hanya cikin zafi, guguwar kuma ta karkata wajen iyakar Louisiana.

In ruwa ya shigo, kada ka tuƙa cikinsa ko da ka san titin. Ruwa mai gudu inci shida yana kayar da babba, ƙafa ɗaya tana ɗaukar ƙaramar mota, kuma ƙarƙashin gadojin Houston ruwan yana fin tsayin mutum. Kada yara su shiga wasa: akwai najasar masai a ciki, da macizai, da jajayen tururuwa masu cizo da ke dunƙulewa suna yawo a saman ruwa. In ya kore ku daga ƙasa, kada ku shige ɗakin cikin rufi da ba shi da mafita. Ku hau saman rufin ku kira 911.

Na sha jin namu suna cewa ai mun saba da ɗauke wuta. Mun saba, amma a gida mai tsakar gida da inuwar darbejiya. Gidan Amurka a rufe yake ruf, don na'urar sanyaya ɗaki aka gina shi, zafin Houston na Yuli kuma mai gumi ne da ba ya bushewa. Tsoho da jariri ba sa jure shi, a kai su wuraren shan sanyi da hukuma ke buɗewa, kiran 211 zai gaya maka mafi kusa. Janareta kuwa, don Allah, a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Ba a gareji ba, ko da a buɗe yake. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe iyali suna barci, kamar yadda muke jin labari a gida. Kurfoti da gawayi ma a waje. Firji in ba a buɗe shi yana riƙe sanyi awa huɗu, cikakkiyar firiza awa 48. Bayan haka a zubar, komai ciwon abin.

Da gari ya lafa, waya za ka fara ɗauka, ba tsintsiya ba. Ɗauki hoton komai: layin da ruwa ya bari a bango, katifa, kafet, lambar bayan talabijin. Sannan ka fitar da duk abin da ya jiƙe, domin cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna take kamawa, kuma bangon nan na allo ne, yana shan ruwa, sai an yanke shi sama da inda ruwan ya tsaya. Sa safar hannu da takunkumi. Kada ka haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Ajiye kowane rasit.

Tallafin kuɗi na FEMA ga 'yan ƙasa ne da masu wasu nau'o'in izinin zama, kamar katin zama na dindindin. Ɗalibi mai bizar karatu ba ya ciki, amma iyaye suna iya nema da sunan ɗansu ƙarami ɗan ƙasa da ke gidan. Mafaka da abinci da ruwa na Red Cross kuwa na kowa ne. Yawanci kwana 60 ake bayarwa a nema, kada kunya ta cinye su.

Masu gyaran rufi za su cika unguwa suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wani maƙwabcina ya ba ɗaya rabin kuɗin aiki a hannu, bai sake ganin ƙeyarsa ba. A rubuta yarjejeniya, a biya kaɗan-kaɗan yadda aiki ke tafiya. Mai neman mota ta hannu, ko don kansa ko don turawa Kwatano, ya yi hattara a watannin da ke biyo baya: ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da busasshen taɓo, ka bincika tarihin lambar motar.

Kafin Yuni, ka rubuta lambobin mutum biyar a takarda, ka ba na masallacinku ko ƙungiyarku adireshinka. A kwana na uku na Beryl wayata ta mutu. Wani dattijo da muke sahu ɗaya ran Juma'a ya zo har ƙofa da ƙanƙara a kula, ya ce unguwarsu wuta ta dawo, in kwaso yara da uwarsu mu taho.