Kafin Ka Sayi Babbar Kalifa, Gyara Waɗannan Kurakuran Birki

Kalifa ita ce ƙarfen nan da ya rungumi faifan birki a bayan taya. Idan ka taka birki, mai ne ke tura fistin da ke cikinta, fistin ya matse fad, wato ɗan fallen da ke gugar faifai, a jikin faifan, gudun mota ya koma zafi. Zafin nan ne ke kashe birkin mai son gudu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya zuba kuɗi ya ɗaura kalifar Brembo mai fistin huɗu, alhali man birkinsa ya shekara biyar, ya yi baƙi ƙirin. Man birki yana shan danshi. Sabon man birki samfurin DOT 4 sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. A gangare irin na Hawan Kibo, nan ne man zai tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, mota kuwa tana ta tafiya. Ka riƙa canza man birki duk shekara biyu. DOT 5.1 yana shiri da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, kada ka kuskura ka gauraya su.

Sai sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Wasu kan lafta musu giris na yau da kullum, robar ta kumbura, sanda ta cije. Alamarsa a fili take: fad ɗaya ya cinye saura ƙiris, ɗan'uwansa kamar sabo. A wanke, a shafa giris na silikon.

Wajen ɗaurawa, duba ɗan bakin fitar da iska. Dole ya kalli sama. In ya kalli ƙasa, an musanya ta dama da ta hagu, kuma iska ba za ta fita ba ko a wuni ana bugawa. Kada kuma a bar kalifa tana reto a jikin tiyo, a rataye ta da waya.

Babbar kalifa tana jure zafi, amma taya ce ke kama kwalta. In tayarka ta suɗe, can za ka tsaya inda ka saba tsayawa. Fara da taya mai kyau da fad mai jure zafi.

In an sa sabon fad, taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa daga gareji.