Yadda Za Ka Kwaɗaita wa Aboki Littafin Tarihi ko na Binciken Kisa

Masu son karatu a fadojin Maradi baki ne ke kayar da su. Mutum ya gama littafi da dare, washegari yana zuba shayi yana zuba labarin har ƙarshensa, sannan ya yi mamaki da abokin ya ƙi karɓa.

Kafin ka ambaci sunan littafi, tambaye shi wanne ya taɓa karantawa har ƙarshe, kuma da wane harshe. Wanda ya yi lakwal ya saba da Faransanci, ba shi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Wanda Hausa ta fi zauna masa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya dace da shi, don siriri ne. Mai kauri ba na sabon shiga ba ne.

Wurin bayani ne ake ɓata komai. In na tarihi ne, jawo masa shi gida. In Sarraounia ce, ce masa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ta auka wa Lugu, garin sarauniyar da littafin ke ba da labarinta, a 1899, nan kusa da Maijirgi a ƙasar Tasawa shugabanninta suka gamu da ajalinsu. Za ka ga ya gyara zama. Amma ka gaya masa tun farko: yaƙin gaskiya ne, hirarrakin ciki marubuci ne ya tsara su. In ba haka ba, gobe zai tsaya gaban dattawa yana gardama da ƙagaggen labari.

Na binciken kisa kuwa, faɗi wanda aka kashe, inda aka kashe shi, da mai binciken, ka ja bakinka. Ko "ka dai lura da matar nan" tonon asiri ne. Fuska ma tana tonawa. In ya zo maka tsakiyar littafi yana cewa direban ne, kada ka murmusa, kada ka girgiza kai, ce masa "ci gaba dai." Littattafan Agatha Christie daɗinsu yana babin ƙarshe. Wanda ya fi son halayen mutane a kan wasan ƙwaƙwalwa, tura shi wajen Maigret, ɗan sanda mai bincike a littattafan Georges Simenon.

Littafi ɗaya tak za ka ba shi, aro, tunda sabo yana da tsada. Rubuta sunanka a ciki. Masu tura guda ashirin ta WhatsApp, ba a buɗe ko ɗaya. Bayan mako ka tambayi shafin da ya kai. In bai motsa ba, karɓi abinka ka canza masa wani.