Kafin ku jefar da katirij ɗin firinta

'Yan uwa masu firintar tawada ta HP ko Canon, idan rubutu ya fara fita layi-layi kada ku yi saurin sayen sabon katirij, wato mazubin tawadar. Galibi tawada ce ta bushe a ƙananan ramukan bakinsa, musamman da hunturu. Ku jiƙa tishu da ruwan ɗumi mai tsabta, ku ɗora bakin a kai kamar minti 10, za ku ga launukan sun fara fitowa jikin tishun. Don Allah kada ruwa ya taɓa wurin tagullar nan da ke jikin katirij ɗin, inda yake haɗuwa da lantarkin firinta.

Wajen ɗurin tawada kuwa, kowane launi da sirinjinsa, a tura a hankali cikin soson da ke cikin katirij ɗin. Kada a jira ya ƙare ƙaf, domin tawadar ce ke sanyaya bakin, bugu babu ita ƙona shi yake yi.