Masu kiwon zabi, ku ƙirga mazan kafin damina

Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na sa wa kaza ƙwan zabi goma sha biyar a gidanmu nan Tawa, huɗu kawai suka ƙyanƙyashe, sauran duk bara-gurbi. Na yi ta zargin zafi da kazar, ashe laifina ne. Da sallah na sayar da mazan, na bar zabo ɗaya tal da zabi mata tara.

Zabo ba zakara ba ne. Zakara ɗaya yana iya riƙe kaji goma, har yana tono tsaba yana kiransu. Shi kuwa zabo, a daji ma mace ɗaya yake zaɓa idan lokacin ƙwai ya zo. Ku lura da safe in an sake su, za ku gan su biyu-biyu, tana gaba yana biye, in ta shiga gurbi ya tsaya kusa yana gadi. Wadda ba ta da namiji za ta yi ta zuba ƙwai, amma babu ɗa a ciki, na soyawa ne kawai.

In kuna sakinsu su yi kiwo, ku bar namiji ɗaya ga mata biyu, iyaka uku.

Wurin saye a kasuwa kada ku dogara da ido kaɗai. Macen ce ke kuka mai gaɓa biyu tana maimaitawa, namiji gaɓa ɗaya yake yi. Ƙahon kansa da jan naman ƙarƙashin bakinsa sun fi girma.

Ƙwan yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, ba 21 irin na kaza ba. A kwana na goma ku haska shi da tocila cikin duhu, wanda ba jijiyoyin jini a ciki ku cire shi.